Ƙwayar Alhamis

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Babu kuran tun safe, ba wuta ba fanka. Na jiƙa zanen gado na yafa, kafin in gama shan ruwa ya bushe. Matata Ladi ta ce in daina kiranta ina zuba mata ƙorafi a waya, in nemi takarda in zuba. To ga takarda.

Watana bakwai ke nan a Damagaram. Ni Nomau, majo, wato ma'aikacin jinya, da na tsufa ina allura da wankin miki a Dogon Dutsi, aka ɗauko ni aka ce in zo furoje, wani shiri na bincike kan amosanin gaɓɓai, irin wanda ke kumbura yatsu, ya sandarar da su da safe, ya bi ya karkatar da su har mace ta kasa ɗaura zanenta. Aikin kansa ba shi da laifi. Ina shiga gida-gida ina koya wa masu ciwon yadda za su kula da kansu: a jiƙa hannu a ruwan ɗumi da safe, a motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, a naɗa tsumma a ƙotar ludayi ta yi kauri, a huta tun ciwo bai tashi ba. Sai kuma ƙwayar. Ƙanana ne, rawaya, ana shan su ranar Alhamis kaɗai, sau ɗaya a mako, kuma sai ana auna jinin mutum, don in ta yi yawa hanta take ci da jini.

Laifin yana wurin ƙuri'a. Wata na'ura a Yamai ta raba marasa lafiyarmu gida biyu. Rukunin farko suna samun ni da ƙwaya yanzu. Rukunin jira sai bayan kaka. Da haka za a gwada a ga bambanci. An hana ni koya wa na jira komai. Kuma doka ce: duk wanda aka kama ya ba wani ƙwayarsa, an cire shi, maganinsa ya tsaya.

Na'urar nan ba ta taɓa taka yashin unguwar Birni ba. Ta sa Hajjo a rukunin farko, ta sa Shatu a na jira, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Yau na je wurin Hajjo. Babarbariya ce, ni Ba'are, saboda haka taubasai ne mu, tana da izinin zagina tun kakanni, kuma ba ta barin izinin ya kwana.

"Wushe, bawana. Yau ma ka zo koya wa iyayen gidanka wanke hannu?"

"Na zo in ga ko Barebari sun fara jin magana. Miƙo."

Ta miƙo. Kumburin yana nan yadda na bar shi. Ɗan Azumi baduku na unguwar Zango, da muka fara da shi mako ɗaya da ita, har ya koma riƙe basilla. Ita ko surukarta ce ke ɗaura mata zane har yanzu.

"Kina sha kuwa?"

"Ina sha. Kai kana cin abinci kuwa? Dubi wuyanka kamar na zabo."

Da na fito, Shatu na zaune a bakin zaurenta, hannuwa a cinya kamar an aje mata su aro. Ta ce, "Majo, mu ba mutane ba ne?" Na durƙusa na gaishe ta. Gaisuwa ba a hana ni ba tukuna.

Talata, da safe

Famfo bai zo ba. Ina koya wa tsofaffi jiƙa hannu a ruwan ɗumi a garin da ake kwana a layin ruwan sha.

Alhamis, 9 ga Mayu, da azahar

Na yi wa Doktor Zakiyya maganar a biro, ofishinmu, ba yau farau ba. Ita ce shugabar aikin a nan. Na ce, Doktor, kullum ina wuce ƙofar tsohuwar nan da jaka cike da abin da take buƙata. A garinmu ko kare ne ke ɗingishi a ƙofa ana tsayawa.

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Majo, a Zango aka haife ni, ba kai za ka gaya mini Birni ba. Na ce musu a yi ƙuri'ar unguwa-unguwa, suka ce adadin ba zai kai ba. To yanzu in na ba kowa yau, wa zan gwada da wa? Su na sama ba sa jin 'na ga sun ji sauƙi'. In muka nuna bambanci, ana iya sa maganin nan a kowace likita, babban asibiti da ƙarami, daga nan har Gure. In ba mu nuna ba, furoje ya tashi, kowa ya koma wa masu tallar ƙwaya a faranti. Kuma abin da ke hannunmu ma, tun da hanyar Kwatano ta toshe, ba zai ishi kowa ba."

Ban ce ƙarya take ba. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Da muguwa ce da na huta.

Ta ce saboda tsoron yankewar magani, wannan karon a ba kowa na wata biyu a dunƙule. Ta kuma ce in sa ido a kan Hajjo, ita kaɗai ce ba ta motsa ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da hantsi

Na kai wa Hajjo nata na wata biyu. Na yi sammako don in guje wa rana, ban yi zaton zan tarar da kowa ba.

Akwai wata kafa a katangarsu, an rataya mata buhu. Ban taɓa lura da ita ba. Na tarar da su biyu a tsakar gida, kwano ɗaya na ruwan ɗumi, hannuwa huɗu a ciki. Hajjo tana cewa, "A'a, ba haka ba, babban yatsa zai taɓa kowanne, haka Ba'aren ya ce." Shatu ta gan ni ta zare hannu kamar an kama ta da sata. Tsohuwa mai jikoki.

Na ce, "Ni ban ga komai ba, Inna, ci gaba." Ruwan ɗumi ba guba ba ne. Su zo daga Yamai su hana tafasa ruwa.

Hajjo ta ba ni labarin ba tare da na tambaya ba. Tun suna 'yan mata suka ƙulla ƙawance, irin na da, wanda ake kai goro gidan juna iyaye su shaida. Daga ranar duk abin da ya shigo hannun ɗaya rabi na ɗayar ne. Mijinta ya taɓa kawo mata turmin atamfa daga Kano, ta sa almakashi a tsakiya tun bai cire takalmi ba, har ya yi mako ba ya mata magana. In an yanka kaza a gidan nan, har wuyan sai an raba. Lokacin da nonon Shatu ya ƙafe, Hajjo ce ta shayar da Mansur, ɗan Shatu, wanda yake tela a kasuwa yanzu.

"Ku Arawa ba ku san wannan ba," in ji ta. "Ku ko gyaɗa ɗaya ce sai ku juya baya."

Akwai tambayar da ta zo mini har bakina. Na aje ledar magani a kan tabarma na fito. Zafi ya yi yawa.

Lahadi

Ban fita ba. Na kira Ladi, tana wurin suna.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Zagaye. Hajjo ta ce ta sha. Shatu na bakin zaure, ta ce mini yau ta iya buɗe yatsunta da safe, tana murmushi. Na ce madalla. Ban tsaya ba.

Mutumin da ba a ba komai ba, me zai sa yatsunsa su buɗe? Ruwan ɗumi ne. Na ce ruwan ɗumi ne.

Litinin, 20 ga Mayu, da yamma

Shatu ba ta bakin zaure. Na ga Mansur yana fitowa da kwano a rufe, na tambaye shi. Ya ce zazzaɓi ne, da gudawa, kuma bakinta ya yi miki ba ta iya haɗiyar ko kunu. Ya ce sun kira mai magani ya ce zafin gari ne.

Na ce a kai ta likita. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe kana ganinta."

Talata, da azahar

An kwantar da ita a babbar likita. Na je. Na duba bakinta.

Talata, bayan magariba

Bari in rubuta yadda ya faru kada gobe a juya mini shi.

Na san mikin nan. An nuna mana hotonsa a horon da aka yi mana kafin a fara. Leɓe ya ɗaye, dasashi na jini, harshe fari fat. Daga likita na hau kabu-kabu sai Birni. Ban yi sallama mai kyau ba ma.

Na ce, "Hajjo, yau ba wasa. Ina ƙwayar?"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta sa surukarta ta ɗauko langa. Rabin na wata biyu ne a ciki.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka fara kawowa."

Shi ke nan. Shi ya sa hannunta bai motsa ba, rabin magani take sha duk watannin nan. Na ce, ba na gaya miki ba a ba kowa ba? Ta ce, "Shatu kowa ce?"

Na ce, kin gaya mata Alhamis kaɗai?

"Na gaya mata. Da tana bi. Da ka kawo da yawa, sai ta ce maganin da ake sha sau ɗaya a mako na masu ƙaramin ciwo ne, nata babba ne. Ta koma safe da yamma, kamar kowane magani. Jiya na sani."  Ta ce, "Da kai ka gaya mata da ta ji. Kai ne mai farar riga. Ni ƙawarta ce kawai, tun muna yara ba ta jin maganata."



Na ce dole in gaya wa likitan da ke duba ta abin da ta sha, in ba haka ba zazzaɓin cizon sauro za su yi ta bi har ta mutu. Kuma in na faɗa, za a cire ki, maganinki ya tsaya.

Ta ce, "Kana nan tsaye kana mini lissafi? Tafi!"

Na tafi. Na gaya wa likitan ɗakin, na kira Doktor Zakiyya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ina zuwa."

Laraba, 22 ga Mayu, da hantsi

Akwai allurar da ke karya dafin ƙwayar nan. Babu ita a Damagaram. An bi farmasi ɗaya bayan ɗaya, babu. An kawo mana ƙwayar da ke iya kashe mutum, ba a kawo makarinta ba. Na tambayi dalili, aka ce ba a yi tsammanin buƙata ba, tunda an horar da duk masu sha. An horar da su! Wanda ya rubuta wannan yana zaune ƙarƙashin na'urar sanyi, a gidan da ba ya sanin sunan maƙwabcinsa.

Doktor ta samu wata abokiyar karatunta a Kano. Wani direba ɗan'uwanta zai taho da ita ta Matamai. Awon jinin Shatu ya fito. Ba zan rubuta abin da ya nuna ba.

Alhamis, da la'asar

Allurar ta iso an fara. Doktor da hannunta ta yi ta farko.

A zagayen yau gida uku aka ce mini ba sa nan, ina jin tarinsu daga ciki. Labari ya gama Birni cewa furoje na gwada guba a kan tsofaffi. Ɗan Azumi ne kaɗai ya sha tasa a gabana, yana kallon hannunsa yana kallona, ya ce, "Majo, in kashe ni za ta yi, ta bari in gama takalman Sallah."

Gidan Hajjo ban shiga ba. Doktor ta karɓe langar har sai Yamai ta yanke hukunci.

Jumma'a, 24 ga Mayu

Mansur ya zo biro. Ba zan rubuta ba.

Asabar, da safe

Na ɗinke wuyan rigar da Mansur ya yaga jiya da kaina. Ba zan kai wa tela ba, duk telolin garin nan sun san juna.

Abin da ya faɗa ne bai bar ni ba. Ya ce, "Wata bakwai kana bi ta ƙofar uwata kamar ƙofar kango." Ya ce kalma ɗaya ce, Alhamis, in faɗa mata, na riƙe ta kamar gadon ubana. Da masinja ya janye shi, sai ya juya maganar kan Hajjo, ya ce ita ma ba zai ƙara taka gidanta ba. Matar da ya sha nononta.

Da ni ne ɗan Shatu, da abin da zan yi ya fi wuyan riga. Na san wannan. Amma ni aka aiko in bi doka, ni aka hana magana, kuma ni ne a kusa da hannu. Masu na'ura suna nisan kwana guda a mota.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan azahar

Taro ta waya da mutanen Yamai. Muryoyi uku, ban san fuskar ko ɗaya ba. Ɗaya ya tambaya da Faransanci mai santsi ko ma'aikacin ya wayar wa matar kai game da haɗarin rabawa. Na ce na wayar. Ya ce to me ya sa ta raba? Na fara ba shi labarin goro da turmin atamfa, ya ce a taƙaita.

Wata kuma ta tambaya ko na taɓa ganin alamar wani abu kafin ranar. Na ce na ga suna jiƙa hannu tare. Doktor ta ɗago ta dube ni. Da ma ba ta sani ba. Ba wanda zai faɗa in ban faɗa ba, amma na gaji.

Suka ce doka a fili take, a cire Hajjo.

Ban taɓa jin Doktor Zakiyya ta ɗaga murya ba sai yau. Ta ce su cire ta daga lissafinsu in sun ga dama, amma ba za ta tsayar wa mace magani don ta yi abin da aka tarbiyyantar da ita a kai tun tana yarinya ba. Ta ce kuskuren na ƙuri'a ne, kuma ta faɗa tun farko. Suka ce za su duba. Da aka kashe waya ta ce mini, "Da ka gaya mini ranar kwanon nan, Majo." Ba ta ƙara ba. Da ta zage ni ya fi.

Laraba, da yamma

Hadari ya taso ta gabas, ya watse. Ko ɗigo.

Alhamis, 30 ga Mayu, da hantsi

Na shiga gidan Hajjo hannu wofi. Alhamis ta biyu ke nan ba ta sha komai ba. Ciwon ya tashi gaba ɗaya, wuyan hannu ya yi jawur, gwiwa ta kumbura. Surukarta ke ba ta ruwa a baki. Ba ta ce mini bawana ba, ba ta ce Ba'are ba. Ta ce, "Sannu, Majo." Ban san zagi na da daɗi ba sai da aka daina.

Ta tambayi Shatu. Na ce zazzaɓi ya sauka, jini ya fara tashi. Ta ce, "Ta tambaye ni?" Na ce bakinta bai ba ta damar magana ba tukuna. Gaskiya ce. An toshe kafar katangar da tubali daga ɓangaren Mansur.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Shatu ta sha kunu cokali-cokali. Da ta gan ni ta yi mini alama in matso. Maganar na fita da ƙyar.

"Majo, ashe da gaske Alhamis ɗin."

Na ce da gaske ne, Inna.

"To ku ma kun cika rowa. Abu ƙanana haka."

Na yi dariya har mai shara ta leƙo. Mansur na bakin ƙofa, ya matsa na wuce. Kafin in fita ta tambayi Hajjo, na gaya mata komai, har da tubalin. Ta juya ido ta dubi ɗanta. Ban tsaya jin sauran ba.

Likita ya ce hantarta ta taɓu. Ko bayan kaka ba tabbas za a iya ba ta ƙwayar.

Talata, 4 ga Yuni, da azahar

Hukunci ya zo. Hajjo ta fita daga lissafi, amma maganinta zai ci gaba, da sharaɗin ba za a ƙara barin ko ƙwaya ɗaya a hannunta ba. Duk Alhamis ma'aikaci zai kai, ta haɗiye a gabansa yana kallo. Ƙuri'ar unguwa-unguwa kuwa, za a yi la'akari da ita a bincike na gaba. Na gaba!

Ni kuma an ɗauke ni daga Birni. Daga mako mai zuwa Durum, cikin manoma. Ba horo ba ne, in ji su, sauyin wuri ne. Ban yi musu ba. Da ni ne su, wataƙila haka zan yi.

Na kai wa Hajjo labari ina zaton za ta ji daɗi. Ta ce, "A tsaya a kaina ana kallon maƙogwarona kamar akuyar da ake wa ɗure? Kuma ita an ce ba za ta ƙara sha ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "To ku riƙe abinku." Ta juya fuska bango.

Na yi magana har na gaji. Na ce mata in aka bar ciwon nan haka, gaɓar da ta lalace ba ta dawowa. Na ce Doktor ta sa aikinta a kan layi saboda ita. Ta ce a gode wa Doktor.

Duk wannan faɗan, duk wannan wayar, don tsohuwa ta juya wa bango fuska. Ina fushi da Yamai, ina fushi da Mansur, ina fushi da ita, kuma in na zauna na duba kowa cikinsu sai in ga inda ya tsaya. Ba abin da ya kai wannan gajiyarwa.

Laraba

Na ɗaure kayana. Ba su da yawa.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan azahar

Zagayena na ƙarshe a Birni. Na bar gidan Hajjo a ƙarshe, ƙwaya shida a ƙullin takarda. Tana kwance yadda na bar ta. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki, abin faɗa ya ƙare mini tun Talata.

Sai muka ji adaidaita ta tsaya a waje, wadda ba ta saba shigowa lungun nan saboda yashi. Yau aka sallami Shatu. Ta hana a kai ta gidanta. Mansur ne ya shigo da ita a hannu kamar jaririya, fuskarsa a ɗaure, ya aje ta a kan tabarma, ya durƙusa can gefe ya ce wa Hajjo, "Inna, ina wuni," ba tare da ya ɗago ba.

Ta rame ƙwarai. Leɓenta duk ɓawo. Ta dubi bayan Hajjo ta ce, "An ce kin ƙi sha."

Hajjo ba ta juyo ba. "Ba na shan abin da ba kya sha."

"To ai na sha. Na sha nawa, na sha naki, na sha na jikokinki. Kin ga inda ya kai ni."

Hajjo ta ƙara matsawa jikin bango.

"Ke, juyo ina magana. Wa zai dama mini kunu? Wannan?" Ta nuna Mansur da haɓa. "Wanda ya dama mini jiya, ko bango aka shafa wa sai ya tsage. Ni an ce hantata ta ƙi. Hannun nan nawa ya tafi, na sani. To cikinmu dole ɗaya ta yi hannu. In kin ƙi, mu zauna mu biyu surukai na ɗaura mana zane suna tsaki."

Hajjo ta juyo a hankali, kowace gaɓa na ba ta wuya. Suka daɗe suna kallon juna. Ta ce, "Kin yi muni."

"Ke kika sa."

Surukar ta kawo ruwa a moɗa. Na buɗe takardar. Hajjo ta harare ni ta ce, "Ba'are, juya bayanka."

Na ce a'a.

"Juya, na ce. Ba a kallon babba yana haɗiya."

Na ce, "Yau ko Sarkin Borno ne ya ce in juya, ba na juyawa."

Ta kira ni abubuwa da Barbarci waɗanda na gode Allah ban ji ba. Na zuba mata su a tafin hannu, ta kai baki da ƙyar. Moɗar ce ta gagare ta, yatsun sun ƙi rufewa. Surukar ta matso, Shatu ta ce, "Bari." Ta ja jiki ta tallafi gindin moɗar da bayan hannuwanta biyu, Hajjo ta riƙe baki da nata, suka kai ta tare, rabin ruwan na zuba a zane. Ta haɗiye tana kallon cikin idona, ba ta ƙifta ba. Sannan ta buɗe baki, ta ɗaga harshe, kamar yarinya.

"Ka gani? Duka shida. To tafi ka gaya wa na'urarku."

Na ce zan gaya mata.

Ina ɗaukar jaka na ji Shatu na ce wa ɗanta, "Kai kuma tubalin nan da ka jera, kafin la'asar." Ya ce to.